Kakar NRL ta 2023: ba Cleary kaɗai ya ɗauki kofin nan ba

Na san wasunku za su ce me ya haɗa Bahaushe da wasan zari-ruga. Ni ma ba da gangan na faɗa ciki ba. Wani ƙanena ne da ke karatu a Sidni ya matsa mini da turo gajerun bidiyo. Tun ina gogewa ban buɗe ba, har na wayi gari ina tambayarsa dalilin da ya sa alƙalin wasa ya hura usur. Daga nan kuma sai Allah.

Ga wanda bai taɓa gani ba, a taƙaice: NRL ita ce babbar gasar zari-ruga ta mutum 13 a Ostireliya, da ƙungiya ɗaya daga Niyuzilan. Minti 80 ake yi. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo ta gaba, sai ta baya. Idan aka kayar da ku sau shida ba ku ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya dangwala ta a bayan layi ya ci maki 4, bugun da ke biyo baya kuma maki 2.

Wasan ƙarshe na 2023 ya faɗo ran Lahadi 1 ga Oktoba, ranar samun 'yancinmu. Dare ne a Sidni, mu kuma nan wajen tara da rabi na safe. Penrith Panthers da Brisbane Broncos, mutum sama da dubu 81 a fili. Ina zaune a tsakar gida da kofin shayi, na jingina waya da gwangwanin madara, ina kallo ina lissafin data. An tafi hutun rabin lokaci Penrith na da 8, Brisbane 6. Ana dawowa wani yaron Brisbane, Ezra Mam, ya kama da wuta. Sau uku yana dangwala ƙwallo cikin kusan minti goma, yana ratsa ƙarti kamar ba su nan. Allo ya nuna Brisbane 24, Penrith 8. Ga Jarome Luai na Penrith, abokin tafiyar tauraronsu Nathan Cleary a tsakiya, ya fita da ciwon kafaɗa.

A daidai nan uwargida ta leƙo ta ce gas ya ƙare, kuma wake na kan wuta. Na dubi allo, na ce ai magana ta ƙare. Na kashe data, na ɗora silinda a bayan babur. Ina tsaye wajen mai gas ina jiran layi na kunna waya, sai ga saƙon murya daga ƙanen nan, ihu kawai yake yi: “Yaya, kana kallo kuwa? Yaya, don Allah ka ce kana kallo!”

Ba na kallo. Penrith ta ci 26 da 24, ni kuma ina riƙe da silinda.

Da daddare na nemi minti ashirin ɗin ƙarshe na kalla, kuma tun daga lokacin na sake kallonsu ya fi a ƙirga. Cleary ya yaudari masu tsaro ya kutsa, ya miƙa wa Moses Leota ya ci. Ya yi irin bugun nan da suke kira 40/20, wato ka buga daga bayan layinka na mita 40, ƙwallo ta doki ƙasa ta fita a cikin mita 20 na abokan hamayya, sai a sake ba ku ita a can. Ya ba Stephen Crichton, shi ma ya ci. Saura 'yan mintuna ya karɓa da kansa, ya karya ta hagu, ya faɗa ƙarƙashin sanduna. Ba a taɓa farke tazarar maki 16 a wasan ƙarshe ba. Wanda ya fi kusa shi ne na 1999, da Melbourne Storm ta taso daga 14 da babu. Aka ba Cleary lambar Clive Churchill ta gwarzon wasan, kuma wallahi ya cancanta.

To, ga inda na rabu da jama'a. Kowa ka ji sai ya ce ko dai Cleary ne shi kaɗai ya ɗauko kofin, ko kuma 'yan Brisbane ne suka tsure. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Shi Cleary ɗin ai yana cikin waɗanda aka wuce lokacin da Brisbane ke cin karenta babu babbaka. Abin da ya dawo da shi wasan, mutanen da ke kewaye da shi ba su watse ba. Ka duba wanda ya shigo da Luai ya fita: Jack Cogger, ɗan benci da mutane da yawa ba su san sunansa ba. Shi ya riƙa karɓar ƙwallo da farko yana tsara hari, Cleary ya samu sarari ya matsa gefe yana gudu. Ƙungiyar da ɗan bencinta zai shigo wasan ƙarshe, ana bin ta maki da yawa, ya ci gaba da aiki kamar ranar atisaye, ba a dare ɗaya aka gina ta ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a gasar nan shi ne dokar iyakance albashi. Kowace ƙungiya akwai adadin kuɗin da ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta, ko da mai ita ya fi kowa arziki. Kuma ba wasa suke yi da ita ba. A 2010 an kama Melbourne Storm ta karya dokar, aka ƙwace kofunanta na 2007 da 2009. Ƙwace fa, ba tara kaɗai ba. Mu da muka saba da ƙwallon Turai, inda attajiri zai sayi kulob yau gobe ya kwaso taurarin duniya, wannan sai mu ji kamar tatsuniya.

Illar dokar ga mai nasara ita ce, kana cin kofi farashin yaranka na tashi, kai kuma aljihunka an ɗaure. Penrith ta ci 2021, Matt Burton ya tafi Bulldogs. Ta ci 2022, Viliame Kikau ya bi shi, Api Koroisau ya koma Wests Tigers. Shi kansa Crichton da ya ci a wasan nan, an san tun kafin ranar cewa Bulldogs zai tafi, Spencer Leniu kuma Roosters. Kowace shekara ana yanke musu reshe, itacen na sake tofo.

Daga ina tofon yake fitowa? Daga unguwanni. Penrith tana can ƙuryar yammacin Sidni, nesa da bakin teku da gidajen masu hannu da shuni. Luai da Crichton da Leniu da Brian To'o duk 'yan yankin Mount Druitt ne, unguwar talakawa da ƙanena ya ce 'yan cikin gari na yi mata kallon raini. Dukkansu tsatson Samoa ne, kuma suna cikin waɗanda suka kai Samoa wasan ƙarshe na kofin duniya a 2022. Wasu kuma daga garuruwan karkara aka ɗauko su suna yara, irin su Isaah Yeo ɗan Dubbo da Liam Martin ɗan Temora. A 2022 kulob ɗin ya lashe kofi a matakai huɗu, tun daga na matasa har na manya, a shekara guda. Wato yaron da za a sa a gurbin wanda ya tafi, ya daɗe yana buga salo iri ɗaya, yana jin kira iri ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada wani ya ɗauka kakar ta zo musu da sauƙi. A watan Fabrairu St Helens ta Ingila ta je har gida ta doke su 13 da 12. Makon farko na gasa Brisbane ɗin nan ta maimaita musu, 13 da 12, da bugun Adam Reynolds. Har Wests Tigers, da ta ƙare a ƙarshen teburi, a kansu ta samu nasararta ta farko a kakar, 12 da 8 a Bathurst. A lokacin ni ma na ce zamaninsu ya wuce. Sau biyu ke nan na yi musu jana'iza a shekara ɗaya.

Akwai wasu abubuwan a kakar da ba zan tsaya a kansu ba. Dolphins ta shigo a matsayin ƙungiya ta 17 ƙarƙashin tsoho Wayne Bennett, ta kuma doke Roosters a wasanta na farko. Warriors ta Niyuzilan ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Kalyn Ponga ya ɗauki lambar Dally M ta gwarzon shekara da tazarar maki ɗaya a kan Shaun Johnson, kuma ni har gobe ina ganin Johnson ya fi cancanta, amma wannan rigimar wata rana ce.

Brisbane kuwa ina tausaya musu, ba na zaginsu. Rabonsu da kofi a lokacin tun 2006, kuma a 2015 ma da maki ɗaya Cowboys ta raba su da shi. Gajiya ce ta kashe su. A wasan nan in ka yi ta tarewa ba ƙwallo a hannunka, ƙafa ce ke fara cin amanarka, kuma Penrith ta danne su a bakin layinsu har ƙarfi ya ƙare. Wani abin kuma, kocin kowane ɓangare da ɗansa a fili: Ivan Cleary da Nathan, Kevin Walters da Billy. Uba ɗaya ya rungumi ɗansa ana murna, ɗayan kuma ya koma ɗakin canza kaya da nasa.

Da wannan kofin Penrith ta zama ta farko da ta ci sau uku a jere tun Parramatta ta 1981 zuwa 1983. Crichton da Leniu suka tattara kayansu suka tafi kamar yadda aka tsara. A 2024 Penrith ta sake zuwa wasan ƙarshe ba su, ta doke Melbourne 14 da 6. Wannan kam na kalla har usur ɗin ƙarshe, don tun ran Asabar na cika silinda.