Dodon koɗi a magudanan Dadin Kowa: a sa ido tun yanzu

Duk wanda ya taso a bakin Kogin Gongola ya san dodon koɗi, amma ba kowa ya san cewa a jikin wasu ƙananan irinsa ƙwayar tsargiya ke girma kafin ta huda fatar yaro mai wanka ko manomi mai dashen shinkafa ba. Madatsar ruwa ta Dadin Kowa ta kawo wa Gombe albarkar noman rani, sai dai ruwan da ya kwanta a magudanai, ga ɗumi ga ciyawa, shi ne mazaunin da wannan halitta ta fi so. Senegal ta ɗanɗana haka bayan kammala madatsar Diama a 1986, domin ba a jima ba tsargiya ta ɓarke a garin Richard Toll.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani baƙon dodon koɗi, babba, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda aka kai Asiya wajen 1980 don a riƙa kiwonsa ana ci, ya kuɓuce ya mamaye gonakin shinkafa a Taiwan da Filifin. Yana cinye shinkafa tun tana jaririya, a makonnin farko bayan dashe, har manomi ya wayi gari ya tarar da fadamarsa fayau. A 2020 aka tabbatar da ɓullarsa a Mwea, cibiyar noman shinkafa ta Kenya.

Wani zai ce Kenya da nisa. Ai dodon koɗi ba da ƙafarsa yake tafiya mai nisa ba; a jikin iri, da lakar da ta manne wa injinan gona, da ruwan da ake ɗauko ƴaƴan kifi yake ɓuya.

Gane wannan baƙon dodon koɗi ba wuya, tun da ƙwansa ruwan hoda ne, a dunƙule jikin kara a saman ruwa. Don haka ya kamata malaman gona su zaga da hotonsa wurin manoman Dadin Kowa da Balanga kafin dashen bana. Ba na goyon bayan a yi gaggawar zuba guba a rafi, domin kifin masunta zai fara mutuwa. Yashe magudanai ta hanyar gayya da busar da su lokaci-lokaci ya fi arha, kuma yana rage dodon koɗin tsargiya, wanda ke sake harbin yaran da aka riga aka ba magani a makaranta da zarar sun koma ruwa.