Ƴan uwana masu farar riga, mu gyara bakinmu

Assalamu alaikum ƴan uwana anfirmiye da sajifam na nan Tawa, musamman ƙannena da kunka fito lakkwal kwanan nan da masu istaji. Akwai abin da ya daɗe shina ci mini rai, yadda muke furta kalmomin aikinmu da yadda muke juya su zuwa Hausa gaban marar lafiya. Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne, Faransanci ba harshen uwarmu ba ne. Gaskiya ne, kuma ban damu da wanda bai iya lanƙwasa harshe kamar mutumen Pari ba. Abin da ke damuna shi ne inda kuskuren baki ke zama kuskuren magani.

Ku ɗauki ipo da iper. Ɗaya ƙasa, ɗaya sama, amma wajen miƙa gardi da safe sai ka ji mutum ya haɗiye ƙarshen kalmar, ba ka san ko ipogilisemi (faɗuwar sukarin jini) ya ce ko ipergilisemi (hawansa) ba. Yaron da ke da palu mai tsanani sukarin jininsa na iya faɗuwa, kinin ma, maganin palu, kanta tana ƙara kada shi, in wanda ya karɓe ka ya ji iper alhali ipo kake nufi to ya bar yaro ba gulukoz, kuma yaron ba shi da bakin da zai gyara muku zance. Don Allah buɗe baki ka faɗi, ka ƙara da lambar da na'ura ta nuna, wanda ya ji kuma shi maimaita.

Haka artesunat da artemeter, magungunan palu, kullum "arte" kawai ake ce musu. Artesunat ana iya ba da shi ta jijiya, artemeter kuwa mai ne, a tsoka ake yin shi. Haka "sa mishi sarom". Wane? Gulukoze, sale, ko Ringer? Haka miligaram da mililita, siro na parasetamol da ke da mg 120 cikin ml 5, in ka ce "ba shi biyar" ba ka ce komi ba tukuna.

Amma inda zuciyata ta fi ɓaci shi ne wajen fassara ma mutanenmu. Tsoho ya taso tun daga ƙauye, ya biya kuɗin mota, an auna tansiyon, sai a ce mishi "baba jininka ya yi yawa". Subhanallahi. Mutumen nan ya koma gida ya nemi wanzami a yi mishi ƙaho a rage jinin, tunda abin da ya ji ke nan, kuma ba laifinsa ba ne. Jininsa bai ƙaru ba, ƙarfin da yake bugun jijiyoyi ne ya hau, sai a gaya mishi hakanan, a ce baba ka rage gishiri da magi, maganin ga kuma ba a barin shi don an ji sauƙi. Minti biyu ne kacal. Na san layi na da tsawo, na san zafin Tawa da gajiyar gardi, duk da haka minti biyun nan hakkinsa ne.

Sai kalmar shawara, wadda munka maida buhun da ake zuba komi. Idon jariri ya yi ɗorawa shawara, epatit B shawara, har tifoyid wasu shawara suke ce mata. Mai epatit B in bai san sunan ciwonsa ba ta yaya zai kawo matarsa da ɗiyansa a auna su? Haka kowane zafin jiki sai mu ce palu tun ba a yi TDR, gwajin palu na gaggawa, ba, har uwaye sun koya daga bakinmu, yanzu da kansu suke zuwa farmasi su sayi magani. Kuma in kun ce "pozitif ne" ku tsaya ku bayyana, da yawa suna ɗauka albishir ne.

Ƙwayoyin CPS, na kariya daga palu, da ake rabawa yara ƴan wata 3 zuwa 59 lokacin damina ba allurar rigakafi ba ne, magani ne da ake maimaitawa kowane wata, kwana uku a jere. In munka kira shi vaksin uwa za ta ɗauka sau ɗaya ya wadatar, ta bar na rana ta biyu da ta uku cikin kwano.

Kalmar "sha" ma ku yi hattara da ita. Supozituwar da ovul, na sawa ta dubura da ta gaba, ba a shan su, kunya kada ta hana ki gaya ma baiwar Allah inda za ta sa, ki ja ta gefe ki faɗa mata a hankali. Cokali kuma ki nuna mata wane, ƙaramin ml 5 ne, babban ml 15, ninki uku ke nan a cikin jinjiri.

Ku manya, majo-majo, wato shugabannin anfirmiye, da sauranmu, in ƙarami ya furta ba daidai ba kada a yi mishi dariya gaban majinyata, daga ranar ba zai sake tambaya ba. A kira shi bayan an gama zagaye, a rubuta mishi kalmar a takarda, shi karanta da bakinsa har ta zauna.