Mai son zama malami, amsar da ba daidai ba ce darasinka

Direba ya yi tafiyar kilomita 120 yana gudun kilomita 60 a awa, da zai dawo sai ya rage zuwa 40. Nawa ne matsakaicin gudunsa a tafiyar gaba ɗaya? Kafin ka rufe baki za a ce maka 50. Amsar kuwa 48 ce, domin awa 2 ya yi a zuwa, awa 3 a dawowa, wato kilomita 240 a cikin awa 5. Irin waɗannan tambayoyi ne ke hana masu shirin jarrabawar cancantar koyarwa barci, kuma a ganina yadda yawancinsu ke yin atisaye a kansu yana ɓata hikimar sanya su a jarrabawar tun farko.

Ɗauki Indiya, inda wannan gasa ta yi zafi. Jarrabawar UGC NET, wadda ke tantance masu son koyarwa a jami'o'i da kwalejoji, takardarta ta farko tambayoyi 50 ce, kuma cikin fannoninta goma akwai na lissafin tunani, akwai na manɗiƙi, wato ilimin auna hujja. Da mai digiri a tarihi da mai digiri a adabi, kowa sai ya bi ta nan. Idan aka haɗa ta da takarda ta biyu, tambayoyi 150 ne a minti 180, wato daƙiƙa 72 ga kowace tambaya. Wanda ya ga wannan ƙarancin lokaci ba za a zarge shi ba idan ya ruga wajen masu koyar da gajerun hanyoyi. Za su ce masa: in tazarar zuwa da dawowa ɗaya ce, ninka gudun biyu da juna, ka ninka da 2, ka raba da jimlarsu. Dabarar tana aiki, 48 ɗin za ta ba shi. Amma ranar da mai tsara tambaya ya ce direban awa ɗaya ya yi a kan 60, awa ɗaya a kan 40, sai dabarar ta kayar da mai ita, don a nan 50 ce amsar gaskiya. Wanda ya haddace bai san dalilin da ya sa ta canza ba.

Akwai masu cewa ina ruwan malamin adabi da gudun mota? Ba a raina wannan ƙorafi, don ko Ingila ta soke gwajin lissafi da na rubutu da take yi wa sababbin malamai a shekarar 2020, ta bar wa cibiyoyin horar da su nauyin tabbatar da ƙwarewarsu. Sai dai a dubi wannan: aji ɗaya mai ɗalibai 10 ya samu matsakaicin maki 80, wani mai ɗalibai 40 ya samu 50. Malamin da ya rubuta wa shugaban makaranta cewa matsakaicin duka biyun 65 ne ya yi kuskure, 56 ne. Kuskuren direba ne ya sake riga ya shigo ofishin malamai, kuma da irin wannan adadi ake yanke hukuncin wa ya yi ƙoƙari, wa ya gaza. Haka nan wanda ya zaci ƙarin kashi 20 cikin 100 da ragin kashi 20 suna soke juna. Daga 100 ka hau 120, ka sauko 96.

Ɓangaren manɗiƙi ya fi ba ni sha'awa, domin a nan ne mai ilimi ke faɗuwa yana murmushi. A 1966 masanin halayyar ɗan Adam Peter Wason ya fito da gwajin kati huɗu. Kowane kati yana da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar, kana ganin A, K, 4 da 7. Doka ta ce duk katin da ke da wasali, lambar bayansa mai rabuwa gida biyu daidai ce. Waɗanne za ka juya don ka gane ko an karya dokar? Yawancin mutane A da 4 suke zaɓa. Amma 4 ba ta da abin da za ta faɗa maka, ko wasali ne a bayanta ko baƙi dokar na nan. Ban da katin A, katin 7 ne zai iya tona asiri. Kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai ke gane haka. Mutum ya fi son neman abin da zai gaskata zatonsa, kuma malamin da ya riga ya yanke cewa wane daƙiƙi ne, hannunsa a kan katin 4 yake kullum.

Don haka da ni ne mai shirin wannan jarrabawa, da ba yawan tambayoyin da na warware zan riƙa ƙirgawa ba. Masu tsara tambaya ba sa zuba amsoshin bogi da ka, kowace an gina ta ne a kan wani kuskure da aka san mutane na yi. Tambaya 10 da ka zauna ka gano wane tunani ne ke kai mutum ga kowace amsar bogi sun fi 100 da ka bi a guje kana duba maki. Wannan shi ne ainihin aikin aji: yaro ya ce maka 50, kai kuma ka san ta wace hanya ya biyo ya iso nan, ka tare shi a daidai inda ya kauce. Sauri yana zuwa daga baya, kuma makonnin ƙarshe sun isa a ajiye agogo a gaba a saba da daƙiƙa 72.

Su ma masu tsara jarrabawar suna da laifinsu, musamman a tambayoyin jerin lambobi. A ce 1, 2, 4, 8, 16, me ke biye? Takardar amsa za ta ce 32. Amma ka riƙa ƙara ɗigo ɗaya-ɗaya a gefen da'ira, ka haɗa kowane da kowane da miƙaƙƙen layi, ka ƙirga yankunan da suka fito: 1, 2, 4, 8, 16, a ɗigo na shida kuma iyakar abin da za ka samu 31 ne. Ɗan takarar da ya san wannan zai zaɓi 32 don ya ci makinsa, kwamfutar da ke duba amsa kuwa ba ta da gurbin da zai rubuta mata cewa tambayar ce ba ta cika ba.