Ɗigon da na ɗauka kashin ƙuda ne

Shekara goma sha tara ina shan sigari, kuma ban san iyakar sau nawa na daina ba. Duk azumi sai na tuba, ranar sallah da la'asar sai ka gan ni gaban mai tebur ina cewa, "Ba ni kara biyu, na ban kwana." Tun 2015 akwai dokar da ta hana sayar da sigari kara-kara a ƙasar nan, amma labarin bai iso wa mai teburin layinmu a Gwammaja ba, ni kuma ban ga dalilin da zai sa in kai masa ba.

Wadda ta sa na yi niyya ta gaske bana ita ce Hanifa, 'yata mai shekara shida. Na ɗauke ta zan yi mata wasa, ta toshe hanci ta ce, "Abba, kana warin bola in an ƙona ta." A gaban uwarta. Uwar ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da tsince shinkafa tana murmushi. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Maƙwabcin shagona a Kantin Kwari yana zuwa Sin saro kaya, shi ya taho mini da sigarin lantarki, irin mai ƙaton batir ɗin nan da kai ka ce oba-obar 'yan sanda ce. Ba ashana, ba toka. Batir ne ke ɗumama wata 'yar waya mai auduga a ciki, audugar ta tsotsi ruwan, sai tururi ya taso. Ya ce wani mai haɗa magunguna ɗan Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro abin a 2003, shi ma mashayi ne yana neman mafita. Na ce ashe ɗan'uwa ne.

Sati biyu na yi ina busa tururi kamar tukunyar dambu. Matsalar ruwan ce. 'Yar mitsitsiyar kwalba, kwana huɗu ta ƙare, kuɗinta kuwa sai ka zauna kafin a faɗa maka. Na ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sai ɗan Kwarin da ke cikina ya motsa: duk abin da ake sayarwa ƙulli-ƙulli, sarinsa ya fi arha. Tafiya ta gaba na sa maƙwabcin nawa ya zo mini da kwalbar nikotin mai ƙarfi, sinadarin taba da ke kama mashayi, an zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a jikinta. Ni na ɗauka tambarin kamfani ne.

Na kira Sadiƙu, ɗan yayata, da yake karatun sinadarai a jami'a. Yana ganin kwalbar ya ja da baya.

"Kawu, ka san me ka riƙe? Kowane mil ɗaya na wannan akwai miligiram 100 a ciki. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a sayar da ruwan da ya wuce miligiram 20 a kowane mil ba. A da da nikotin ake kashe ƙwarin gona. Ko a fata ya zuba shiga jiki yake. In Hanifa ta kurɓa kuwa, Allah ya kiyaye."

Wannan maganar ta ƙarshe ita kaɗai ta shige ni, don tun ranar na kulle kwalbar a tsohuwar akwatin ƙarfe na ɗora saman wadurob. Sauran bayanin kuwa, kunnen dama ya karɓa na hagu ya sallama.

Ya ce ruwan abu huɗu ne. Gilisarin, mai kauri kamar zuma, shi ke ba da tururi. PG, wani tsinkakken ruwan sinadari, shi ke ɗaukar ɗanɗano yana ƙaiƙayar maƙogwaro irin na sigari. Sai ƙamshi, sai nikotin. Dole a samo masu tsafta irin na abinci da magani. Na ce to ƙamshin ai ba sai mun saya ba, Maman Hanifa tana sana'ar humra, akwai madarar turare cike da gida. Yaron ya dafe kai. "Kawu, mai ba ya shiga huhu. Don Allah kada ka kuskura." Ya ce tunda abin nawa mai tururi da yawa ne, miligiram 6 a kowane mil ya ishe ni. Ya juya bayan wani rasit ya rubuta da fensir abin da za a zuba a kwalba mai cin mil 30: nikotin kaza, ƙamshi mil 3, sauran a cika da gilisarin da PG rabi da rabi. Ya ce in sayi safar hannu da ƙaramin sirinji, kuma in jira shi ranar Asabar mu haɗa tare.

In jira? Ni da nake lissafin turmin atamfa ɗari huɗu a ka, ba kalkuleta, yaron da aka yi sunansa a gabana zai tsaya a kaina don abu huɗu?

Ranar Laraba na bi Sabon Gari na harhaɗo kaya, na zaɓi ƙamshin mangwaro. A kemis aka miƙo mini wani siririn sirinji kamar tsinken tsire, na ce su ba ni na manya, mai mil 10. Safar hannu kuma na ga ɓarnar kuɗi ce, baƙar leda tana nan a gida.

Da dare bayan kowa ya kwanta na shiga ɗakin baƙi. Ina shimfiɗa kaya aka ɗauke wuta. Na kunna fitilar waya, na riƙe ta da baki, na ɗauko rasit. Nikotin: ɗaya da takwas. Tsakaninsu akwai wani ɗan baƙin abu. Rasit ne da ya kwana uku a kan kanta a Kwari, inda ƙuda ke da rumfarsa, don haka na sa farce na kankare shi, na hure. Sha takwas. Na zuƙo sirinji cike na zuba, na ƙara takwas. Ledar ta zame tun a zuƙar farko, ɗan abin da ya ɗiga a yatsa na goge da riga. Da na zo cikawa sai na ga gilisarin kaɗan kawai kwalbar ta ci, ga shi nan ya ragu da yawa. Har na yi wa kaina kirari, na ce riba tun ba a fara ba.

Sadiƙu ya ce ana barin haɗin wasu kwanaki a wuri mai duhu ya nuna. Na mayar akwati na kulle. Abin da na manta shi ne, hancin mai haɗa humra ba a yi masa kulle.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da akwatin a tsakar ɗaki, mukullina da na bari a aljihun wata riga yana jiki. Maman Hanifa na zaune bakin gado, ga kwalabe, ga sirinji, ɗaki ya game da ƙamshin mangwaro.

"Abban Hanifa, wace ce?"

"Wa?"

"Wadda kake haɗa wa humra da tsakar dare. Shekara tara ko kwalba ba ka taɓa wanke mini ba. In auren za ka ƙara ai sai ka faɗa, ba sai ka sace mini sana'a ba."

Na rantse, na yi bayanin gilisarin, na kawo sunan Hon Lik. Ta ce ita ba ta san wata Hon Lik ba, 'yar wace unguwa ce? Da na ga magana ba za ta fisshe ni ba, sai na ce bari ta gani da idonta. Na cika abin da haɗina, na tsaya tsakiyar ɗaki na ja da ƙarfi irin na mai gaskiya.

Kamar an watsa mini yajin tsire a maƙogwaro. Namiji ba ya tari gaban mai tuhumarsa, don haka na danne na sake ja. A ja na uku ne fanka ta tsaya cak ɗakin ya fara juyawa. Shaƙuwa ta kama ni, gumi mai sanyi ya keto, yawu ya cika baki, zuciya tana duka kamar kalangu. Na nemi in ce "kin gani ko," sai abincin rana ya riga maganar fitowa.

Ihunta ya tara layi. Wani dattijo ya dafa kaina yana tofi, ya ce shafar iska ce. Wata maƙwabciya ta ce guba ce, ta zo da ludayin manja ta ɗura mini, rabi a baki rabi a farar shaddata ta Juma'a. A haka aka cusa ni a adaidaita sahu, hula a hannun wani yaro, ina shaƙuwa duk rami ɗaya.

A asibiti likita ta fara da faɗan manja, ta ce mai amai ba a ɗura masa komai, yana iya sarƙewa ya wuce huhu. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka wanke mini hannu, aka ce a cire rigar. Sai ga Sadiƙu da rasit a hannu, ya ɗaga shi saitin fitila yana ƙanƙance ido.

"Kawu, ina ɗigon?"

"Wane ɗigo?"

"Na tsakanin ɗaya da takwas. Mil 1.8 na rubuta."

"Au. Ba kashin ƙuda ba ne?"

Nas ɗin da ke gyara robar ruwan sai da ta fita waje. Sadiƙu ya lissafa wa likita: ninki goma na zuba, miligiram 60 a kowane mil, sau uku na iyakar da Turawa suka yarda a sayar. Likita ta ce na taki sa'a da tarin da aman suka tsayar da ni da wuri, kuma jiki kan rage rabin nikotin cikin kamar awa biyu, zuwa dare zan dawo hayyacina. Ta ƙara da cewa tururin ya fi hayaƙi dama-dama don ba a ƙona komai, amma kada in ɗauka iskar Allah nake shaƙa, in sa ranar rabuwa da shi ma. Ban iya musu ba, shaƙuwa ba ta bar ni ba.

Kwalbar mai ƙoƙon kai Sadiƙu ya tafi da ita a daren. Gilisarin da na yi murnar ya ragu, Maman Hanifa ta kwashe tana shafa wa yara a ƙafa saboda hunturu, sirinjin ta ce ko wanke shi aka yi ba zai shiga humrarta ba. Yau kwana ashirin da uku ban taɓa sigari ba, mangwaro kuwa ko a baro na hango sai na tsallaka titi. Labarin ya riga ni isa Kwari. Ranar Litinin ina buɗe shago yaron maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Alhaji Ɗigo, an ce a tambaye ka, shaddar nan yadi ɗaya da rabi za a yanka ko sha biyar?"