Funfunar da ke zama a jikin shuka tana hana ƙwari sakat: abin da ya kamata a gwada a Sakkwato

Mai noman rani a fadamun Kware, Wurno ko Goronyo ya san yadda kuɗin maganin feshi ke cinye ribar albasa da tumatir, ƙwarin kuma suna ƙara taurin kai kowace shekara. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, feshin ya ƙaru. A ganina lokaci ya yi da za mu duba wani makami da ke cikin ƙasar da muke takawa: funfuna mai kashe ƙwari.

Biyu ne suka fi shahara, Beauveria da Metarhizium. Garin irinsu na manne wa fatar ƙwaro, ya tsiro, ya huda ta, ya cinye shi daga ciki. Bayan kwanaki sai a tarar da gawar tsutsa ta bushe ƙamas, ta Beauveria lulluɓe da fari kamar an barbaɗa mata gari, ta Metarhizium kuma kore. Da wani nau'in Metarhizium aka haɗa maganin fara mai suna Green Muscle, wanda aka gwada a maƙwabciyarmu Nijar.

Abin da ya fi jan hankali shi ne funfunar na iya shiga cikin saiwa, kara da ganye ta zauna ba tare da ta sa wa shuka cuta ba. A farkon shekarun 1990 masu bincike a Amurka suka nuna haka a jikin masara, inda ɓarnar tsutsar kara ta ragu. Tana ciki, ba lallai ta kama ƙwaron kai tsaye ba. Sinadaran da take fitarwa, da kariyar da take tayar wa shukar, su ke sa tsutsa ta rage ci, ta ƙi girma, wasu su mutu kafin su kai ga yin ƙwai. A 2012 kuma aka gano cewa Metarhizium na kwaso naitirojin (sinadarin da ke cikin taki) daga gawar ƙwaro ta miƙa wa saiwa, a 2017 kuma aka nuna cewa ita ma shuka tana ba ta sukari.

Sai dai fa abu ne mai rai, kuma nan gizo ke saƙa. Ta fi yin ƙarfi tsakanin digiri 25 zuwa 30, yawancinta kan daina tsiro idan zafi ya haura 35. Sakkwato kuwa a Afrilu da Mayu ana wuce 40. Hasken rana na kashe garin irin cikin sa'o'i, don haka duk wanda ya yi feshi da hantsi ya zubar da kuɗinsa ne. Bayan la'asar ake yi, a gonar da aka ba ruwa, domin danshin dare ya ba irin damar tsiro. Kwalbar da ta yi wata guda a rumfar kwano a kasuwa, da wuya a sami mai rai a cikinta.

Hanyoyin shigar da ita uku ne: jiƙa iri, zuba ta a gindin dashe, ko fesa wa ganye. A gwaje-gwaje akan sa ƙwayar irin funfunar miliyan 100 a kowace mililita ta ruwa. Kuskuren da zai fi yawa a wurinmu shi ne haɗa ta da maganin cutar ganye irin su mancozeb, ko jiƙa irin da aka riga aka shafa wa garin kariya, domin an yi waɗannan ne don kashe funfuna. Famfon feshin ma sai an wanke shi tas. Yawanta a cikin shuka kan ragu bayan makonni, sabon ganye kuma ba lallai ya samu ba, saboda haka sai an maimaita. Ga ta ba ta kashewa nan take. Gonar da tsutsa ta riga ta mamaye ba za ta jira mako guda ba.

Shi ya sa ban goyi bayan a shigo da ita daga ƙasashe masu sanyi a raba wa manoma haka nan ba. Masu bincike a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tono nau'in da ya saba da zafinmu daga ƙasar fadamun Rima, su gwada shi a kan albasa lokacin hunturu da kan gero da wake da damina, kusa da gonar da aka yi wa feshin da aka saba, malaman gona su auna buhu nawa kowace ta bayar. Idan za a sayar, ya zama da rajistar NAFDAC, da ranar lalacewa, da wurin ajiya mai sanyi tun daga dila har zuwa ƙauye.