Saba ta biyu da ba ta bin ta farko, kuɗin me muke biya?

Wai don Allah kamfanonin da ke riƙe wa mutane DNS (tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa a intanet) a nan Jidda, aikin me kuke yi ne? Duk shekara riyal muke zubawa a riƙe mana saba ta biyu, wato na'urar da ke taya babbar sabarmu amsa tambayoyin DNS, aikinta ɗaya tal, ta kwafi abin da ke kan babbar saba ta riƙa ba da amsa iri ɗaya. Wannan ɗin ma ya gagara.

Adireshin shafin ofishinmu na Umara muka canza, na ƙara lambar siriyal a SOA (layin da ke nuna ko bayanan sun canza), na yi rndc reload don sabarmu ta ɗauki canjin, NOTIFY, saƙon da ke sanar da saba ta biyu, ya fita lafiya lau ina gani da idona, amma tasu sabar ko gezau, tana nan tana raba wa duniya tsohon adireshi. Wani ya buɗe daga Kano ya samu shafi, wani ya buɗe daga Damagaram ya faɗa kan na'urar da muka riga muka kashe, kuma fa a cikin azumi, lokacin da kowa ke rububin ɗaki kusa da Harami. Oga ni yake kira, ejan ni suke zagi.

Na sa dig, manhajar tambayar DNS, na tambayi sabobin biyu, siriyal daban daban. Ashe ƙofa ta 53 da DNS ke bi, mai hanya biyu, suka toshe ta ɓangaren TCP suka bar UDP kawai, wai tsaro! To AXFR, wato kwafin zon (duka bayanan sunanmu), ta ina zai bi? Kwafin zon gaba ɗaya sai ta TCP, wannan ko ɗan koyo ya sani. NOTIFY kuwa tun 1996 ake amfani da shi, ya girmi yaron kamfanin da ya amsa wayata. In tsaro kuke so ga TSIG nan, a sa makulli tsakanin sabobin biyu a wuce wurin. Kuma abin tsoron, in lokacin ƙarewar da ke cikin SOA ya cika ba ta samu kwafi ba, daina amsawa za ta yi ɗungurungum, mu kuma sati ɗaya muka sa.

Sabon zon ma wata wahalar ce, duk sunan da muka ƙara sai na buɗe tikiti wani ya zauna ya rubuta shi da hannu a fayil ɗin named.conf, alhali BIND, manhajar sabar, ya kawo zon na katalog tun 9.11 a 2016, ka ƙara suna a babbar saba ƙananan su ɗauka da kansu. Ka rubuta musu ran Alhamis da yamma, Juma'a da Asabar hutu, ran Lahadi a ce maka "bukra inshallah ya akhi", wai sai gobe. Haba!

Sunan shafi mai ƙarewa da .sa na Saudiyya dai sai da saba biyu, shi ya sa suke mana yanga. Bayan Sallah zan kama hayar 'yar ƙaramar saba in haɗa abina da kaina, su kuma su dawo mana da ragowar kuɗinmu.