Tabon Da Ya Ƙi Fita Da Wanki

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san cewa daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin sallah tela ba ya barci, sai dai ya ɗan gyangyaɗa a kan keke. A cikin wannan hali ne wani alhaji ya kawo mini farar shadda mai tsada, na shimfiɗa ta a kan tebur domin yanka, sai ga wani tabo ruwan goro, girmansa kamar kwabo, zaune daram a tsakiyarta. Na ƙwala wa yaron shagona kira, na ce ya faɗa mini wanda ya tauna goro kusa da kayan mutane. Ya dubi shaddar, ya dube ni, sannan ya ce cikin ladabi, "Oga, ai azumi ake yi." Da na ɗago domin in harare shi, sai na tarar tabon ya bar shaddar ya koma goshinsa.

Daga ranar tabon ya zama abokin tafiyata. Na goge tabarau da sabulu, na canza gilashin wayata, na kusa yin rigima da mai wanki a kan farar rigata, amma duk inda na kafa ido sai ya riga ni isa. Uwargida ce ta gaji da ƙorafin cewa akwai manja a kunun buɗa baki, ta ce, "Maigida, rufe ido ɗaya mu gani." Da na rufe na dama sai duniya ta yi fes. Da na rufe na hagu kuwa sai tabon ya fito sosai, gefen ƙofar ɗaki ya lanƙwashe, fuskar uwargida ma ta ƙanƙance, abin da ban ga dalilin sanar da ita ba.

A majalisarmu kowa likita ne. Wani ya ce sammu ne daga telan da ke tsallaken titi, wani ya ce in sa tozali safe da yamma, wani kuma ya ɗora laifin a kan mai waldar da ke maƙwabtaka da ni. Mai kemis ɗin unguwa ya riga ya ɗauko maganin ɗigawa tun ban gama bayani ba, amma uwargida ta hana, ta ce a bari a ga sallah a tafi asibitin ido.

A can aka ɗiga mini maganin da ke buɗe ƙwayar ido, wanda ya sa na yi awowi ina ganin dishi-dishi, sannan aka ɗauki hoton bayan idon da na'ura. Likitan ya ce yawancin irin wannan tabo daga tantanin gani yake fitowa, wato shimfiɗar da ke can bayan ido tana karɓar haske. Ya yi ta jero tambayoyi, kowace da dalilinta. Idan tabon yana yawo ne idan an juya ido, to galibi ɓurɓushi ne a cikin ruwan ido, amma idan ya zo da walƙiya ko wani duhu da ke saukowa daga gefe, mai yiwuwa tantanin ne ke neman ɓallewa, kuma wannan ba a kwana da shi a gida. Idan kyalkyali ne da ke zuwa ya wuce cikin minti 5 zuwa 60, kuma ana ganinsa da kowane ido, to ciwon ɓarin kai ne. Ja ko baƙin tabo ga mai ciwon suga ko hawan jini yana iya zama jini ne ya zuba a ciki. Kallon rana, musamman lokacin husufi, da hasken walda da fitilar leza da yara ke wasa da ita, duk suna iya ƙona tsakiyar tantanin su bar tabo, saboda haka mutumin majalisa da ya zargi mai walda bai yi nisa da gaskiya ba, ko da yake ba zan faɗa masa ba, domin sai ya fara karɓar kuɗin kati.

Daga nan aka zo kan magunguna, kuma a nan ne na so a ce uwargida ta tsaya a waje. Likita ya tambaya ko ina shan maganin ƙarfin maza, domin yana sa wasu su ga abubuwa sun yi shuɗi. Uwargida ta gyara zama. Ya tambaya ko ina shafa man bilicin, ko ina shan sha-ka-fashe, saboda da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. Uwargida ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Likita, ai jikinsa ya isa shaida." Sai da aka zazzage aljihuna aka samu ƙullin ƙwayoyin haɗi da mai kemis ke ba ni na ciwon baya, a cikinsu akwai firednisolon, wanda shi ma sitiroyid ne.

Hoton ya nuna ruwa ne ya taru a ƙarƙashin tsakiyar tantanin ya ɗaga shi, shi ya sa layi ke lanƙwashewa, abubuwa ke ƙanƙancewa. Likita ya ce abin ya fi samun maza 'yan shekara 30 zuwa 50, kuma sitiroyid da damuwa da rashin barci ne manyan abokansa. Yawanci ruwan yana janyewa da kansa cikin wata 3 zuwa 4, idan ya ƙi sai a shiga maganar yi wa idon aiki da hasken leza. Ya tsara mini yadda zan rage ƙwayar a hankali, domin ba a yanke ta lokaci guda, ya ba ni takarda mai layuka in riƙa dubawa da ido ɗaya, sannan ya ce in rage damuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, babbar sallah saura wata biyu." Ya ce wannan ba ɓangarensa ba ne.

Na koma aiki da dabarar rufe idon dama duk lokacin da zan karanta awo, kuma ɗinki ya miƙe. Matsalar ita ce wata amarya da ta zo awon kayan fitar biki ta ga na kashe ido ɗaya ina fuskantarta, ta kwashi atamfarta ta fita ba sallama. Da la'asar sai ga yayanta da abokansa biyu a ƙofar shago, ni kuwa na fito musu da katin asibiti da hoton bayan idona, muka zauna a kan benci ina yi musu bayanin tantanin gani har aka kira magariba.